Irin Hatsin Baba da Na Daka

Ni ce na daka irin hatsin Baba. Na sussuke shi, na surfe shi, na wanke, na dama hura da shi, kuma duk tsawon aikin ina jin kaina kamar wadda ta yi abin a yaba. Ko yau aka tada maganar a gidanmu sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma a ranar, wallahi, daga hantsi har bayan la'asar ban san abin da na yi ba, kuma babu wanda ya ga ya dace ya gaya mini.

Ina 'yar shekara bakwai aka kai ni Dogon Dutsi wurin ƙanwar Inna don in shiga lakwal, wato makarantar boko. Can na girma, can na yi aure, can nake koyarwa. Ƙauyenmu ba wani nisa gare shi ba, hanyar Ɗan Kassari ake bi sai a ratse cikin yashi, amma zuwana bai wuce na Sallah da suna da gaisuwar mutuwa ba. In na zo a shimfiɗa mini tabarma, a kawo ruwa, a ce sannu da zuwa Madam. Har Inna da ta haife ni Madam take ce mini. Mace ce mai faɗa, tana yi wa yayana, tana yi wa matarsa, tana yi wa awaki da kaji, ni kuwa tun ranar da aka ɗora ni a mota ba ta sake ɗaga mini murya ba. Na daɗe ina ɗauka gata ne.

A shekarar da nake magana, Baba ya shekara biyu da rasuwa, aka yi wa Inna aikin ido a Dutsi aka cire mata yana. Likita ya ce sati biyu ba hayaƙi, ba ƙura, ba sunkuyo. Matar yayana ta tafi gidansu haihuwa, shi kuma yana cin rani, sai ruwa ya kusa yake komowa. Konjen bazara, hutun makarantarmu, ya zo daidai, sai na ce ni zan je in riƙe gidan. Mijina ya yi dariya ya ce in tafi da tukunyar gas. Na ce masa a ƙauyen aka haife ni, ya riƙe gas ɗinsa.

Ranar farko na gane cika baki na yi. Na je rijiya, na zura wasaki, gugan nan na fata, na kasa sa shi ya nutse, yana ta yawo a kan ruwa ina ta girgiza igiya. Mata suka tsaya suna kallo, wata ta ce, "Madam, lallashinsa kike?" Da na samu na cika bido, jarkar ruwa, kuma na rasa yadda ake naɗa gammo. Wuta ta ƙi kama mini, kara ya yi ta hayaƙi har Inna ta yi tari daga ɗaki, ita da aka ce kada hayaƙi ya taɓa ta. Awaki na kwance su don in ba su dussa, suka bi ta ƙarƙashin danni suka yi cikin gari. Komai na gidan na san sunansa, na san amfaninsa, amma hannuna bai san shi ba. Abin ya ɗaure mini kai ƙwarai.

Ba zan ce ban ji daɗi ba. Ruwan randar Inna, wadda ke binne rabi cikin yashi mai laima, ya fi na firijina daɗi, ban san dalili ba. Da safe in na share tsakar gida na yayyafa ruwa, ƙamshin ƙasa ya tashi, kurciyoyi na kuka a kan bedi, itacen da wasu ke kira darbejiya, sai in tsaya da tsintsiya a hannu in manta abin da zan yi. Na ci goruba har haƙorana suka yi tsami. Rabon da in zauna ba ƙarar kabu-kabu a kunnena har na manta.

Abin da ya dame ni cin abincin Inna. Magani ya ɓata mata baki, ta ce hura kawai take so. Yayana kafin ya tafi ya fiddo mata damma daga rumbu ya jera a ɗakin ajiya, tunda a gidanmu mace ba ta shiga rumbun gandu. Hatsin gindin rumbu ne, zangarnu gajejjeru, ƙwaro ya taɓa su, in ka sussuka rabi ƙaiƙayi. Na yi hura da shi kwana uku. Kullum Inna ta kai ludayi biyu baki ta ajiye ta ce, "Madalla, Madam, Allah shi yi albarka." Ni kuwa in fito da ƙwarya cike raina a ɓace.

Kwana na huɗu na shiga ɗakin Baba in share. Na ɗaga kai don yanar gizo, sai na hango wani ɗan dami rataye can sama kusa da ƙololuwar jinka. Kai! Zangarnu dogaye kamar hannun mutum, cike tam, kowace da dogon kara a wuyanta. An ɗaure da kaba ƙulli biyu, an cusa busasshen ganyen bedi a tsakani, an barbaɗa toka. Nan take zuciyata ta hau. Na ce dubi mutanen nan, ga hatsi na kirki sun ɓoye ya sha toka, sun bar marar lafiya da na ƙwaro. Har matar yayana na zaga a raina, baiwar Allah tana can tana jego ba ta san ana yi ba. Na kife turmi na hau, na sauko da shi.

Kada wani ya ce ban san ana ajiye iri ba. Na sani, ina ma koya wa yara a aji. Amma irin da na sani a leda yake da rubutu a jiki, ko a kasuwar Dutsi ana auna shi da tiya. Dogon kara, toka, bedi, ƙulli biyu, duk ɗan da ya tashi a ƙauyenmu ya san abin da suke nufi tun kafin ya iya ɗaura wando. Ni ban sani ba.

Na kakkarye karan na watsar gefe, na kakkaɓe tokar, na zuba a turmi. A nan ne abin mamakin ya faru: hannuna ya tuna. Taɓarya ta daina gocewa, ƙugu da kafaɗa suka haɗa kai, har na ji kaina ina ɗan jefa ta sama ina tafawa yadda na ga Inna tana yi ina ƙarama. Na shiƙe, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zubo manya-manya, masu nauyi, suna ƙara a ƙwarya. Daga ɗaki Inna ta ce, "Yau dakan ya yi kama da daka." Daɗi ya kama ni. Saboda wannan kalma guda na ƙi tsayawa, da niyyata in surfa kaɗan, sai na surfe duka. Tafin hannuna ya yi bororo ban ko ji ba. Na bakace, na wanke, na ba awaki ƙasari.

Wajen azahar Gwaggo ta shigo, ƙanwar Baba, gidanta na bayan danninmu, kullum takan zo ta ɗiga wa Inna magani a ido. Ta yi sallama, ta taka tsakar gida, sai ta tsaya cik. Ta sunkuya ta ɗauki kabar nan mai ƙulli biyu daga ƙasa.

"Ɗiyata, ina kinka ɗauko wanga?"

"Ɗakin Baba, Gwaggo. An bar shi can yana shan toka."

"Kin surfe?"

"Har na wanke," na ce, ina nuna mata ƙwaryar da alfahari.

Ta sa hannu cikin jiƙaƙƙen hatsin, ta ɗebo, ta bar shi ya zube ta tsakanin yatsunta. Ta ce innalillahi a hankali, ta shige ɗakin Inna. Na ji suna magana ƙasa-ƙasa. Na tsaya da taɓarya ina lissafin laifina. Ko don na shiga ɗakin mamaci? Ko hatsin wani ne aka ba ajiya? Ko na zakka ne? Na leƙa na ce ko lafiya. Inna na zaune a bakin gado da auduga a ido, hannayenta bisa gwiwa.

"Lafiya lau, Madam," ta ce. "Ƙarasa hurarki. Ki dama duka, ki sa nono mai kyau."

"Duka, Inna? Wa zai sha?"

"Akwai masu sha."

Na daka, na cura dawo, na dafa, na kirɓa. Na sayi nono wurin Bafillatanar da ke zagayowa. Gwaggo na zaune kan kujera 'yar tsugunno tana kallona, ba ta taya ni ba, ba ta kuma hana ni ba. Da na gama ta kawo ƙore biyar ta sa na raba, ta rufe kowace da faifai. Sai ta tsinto guntayen karan nan da na watsar, masu toka, ta ɗora ɗaya-ɗaya a kan kowane faifai da ɗan ganyen bedi. A kan ta biyar ta ɗora kabar mai ƙulli biyu.

Nan fa na tsargu. Ƙasarmu ce, na san tsofaffinmu da harkarsu ta iskoki, wannan a ba doguwa, wancan a ajiye a gindin itace. Ni kuma ina zuwa islamiyya a Dutsi kowace Asabar. Na ce, "Gwaggo, in sadakar iskoki ce don idon Inna, ni fa ba zan kai ba."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Iskokin sun fi ki sanin abin da ke rataye a ɗakin ubanki. Ɗauki ki tahi."

Ta lissafa mini gidajen. Abin ya ƙara rikita ni, don ba maƙwabta ba ne, ba kuma dangi na kusa ba. An tsallake gidan liman, an tsallake gidan mai gari. Ɗaya a gabas, biyu a bakin kasuwa, ɗaya bayan rijiya, na ƙarshe can a tunga, sai an ƙetare fadama. Na jera huɗu a babban kwano na ɗora a ka, na riƙe ɗaya a hannu, na fita cikin ranar bazara ina ƙunƙuni.

Gidan farko, na gabas, wata tsohuwa ce mai zaman kanta. Ta karɓa da fara'a, idonta ya sauka kan karan, fara'ar ta tafi. Ta ce, "Wa ya daka?" Na ce ni. Ta ce, "Ashe haka. To, ki gai da Inna." A gida na biyu matar ta dubi karan, ta dube ni, ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta kira mijinta ya zo ya gani. Shi bai yi dariya ba, ya cire hula ya sosa kai ya mayar. A na uku wani magidanci ya ce, "Wayyo, ai mu mun bar shi tun shekarar da anka kawo mai saurin nuna." Na ce kun bar wa? Ya ce in dai gai da Inna. A na huɗu matar ta shige da ƙwaryar ta bar ni tsaye. Kowa ya ga kara ya karanta, sai ni mai koyar da karatu. Ina tafe ina jin kamar an rubuta wani abu a goshina.

A tunga na iske abokin Baba, tsoho tukuf, yana tufkar igiya a gindin gawo. Na durƙusa na gaishe shi na ajiye ƙwaryar. Bai buɗe ba. Ya ɗauki kabar, ya juya ta, ya shafa ƙullin da babban yatsa.

"Irin ƙullin abokina ne wanga," ya ce. "Duka?"

"Duka me, Baba?"

"Duka kinka daka?"

Na ce i. Ya daɗe yana kallona, sai ya gane ban san komai ba. Shi kaɗai ne a garin nan ya tausaya mini ya yi magana. Ya ce hatsin nan iri ne. Baba ya gaje shi wurin kakanmu, kowace kaka kafin a sa wuƙa a gona sai ya zaga shi kaɗai ya zaɓi zangarnun da suka fi, ya yanke su da dogon wuya, ya rataye. Bai taɓa sayar da ko tsaba ɗaya ba, amma wanda ya roƙa yakan ba shi cikin hannu, kuma gidajen nan biyar su ne waɗanda suka taɓa karɓa. Da Baba ya rasu Inna ta ɗauki zaɓen. Bara idonta ya riga ya rufe, da hannu ta bi gonar tana lalube, zangarniya bayan zangarniya, kwana biyu, shi ya sa damin ya zo ƙarami.

"Hatsin da anka surfe ba ya tsira, ɗiyata," ya ce, kamar ban sani ba. Wannan kam na sani.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ruwa saura wata biyu, ko ƙasa da haka. Hatsin rumbu kuwa gauraye yake da na wata gonar da yayana ya shuka da irin kasuwa, ƙwaro ma ya gama da shi. Na tambayi tsohon abin da za a yi yanzu. Ya buɗe faifan, ya kurɓi hurar, ya lumshe ido. Ya ce, "Uwarki ta riga ta yi. Tashi ki koma gida."

Na komo a fusace. Kunya ce, amma da fushi ta fito. Na faɗa ɗakin Inna ko sallama ban yi da kyau ba.

"Don me ba ku gaya mini ba? Kun bar ni ina yawo gida-gida da abin kunyata a ka, gari duk ya sani sai ni!"

"Da mun gaya miki zai koma zangarniya?"

"To ki yi mini faɗa mana, Inna! Ki zage ni!"

"Faɗan mi? Ba ki sani ba, Madam."

Ta ce in miƙo mata sauran hurar da aka rage. Na miƙa. Matar da kwana uku ba ta wuce ludayi biyu ba, ta shanye ƙwaryar tas, ta goge baki ta ce ta yi daɗi. Na rasa inda zan sa kaina. Na ce zan sayo iri mai kyau a Dutsi, wanda malaman gona ke yabo, ko nawa ne. Ta ce, "To, Allah shi yi albarka," da muryar nan da take sallamar baƙi. A lokacin na fahimci abin da na shekara talatin ina kira gata. Da matar yayana ce ta yi wannan ɓarna, da har tunga an ji muryar Inna. Ni ba a yi mini faɗa don ba a sa ran in sani. Na fita bayan ɗaki na yi kuka wurin awaki.

Abin da Inna ta yi sai washegari na gane shi. A wurinmu ba a mai da ƙwarya wayam. Ita kuma matar mutumin da ya shekara arba'in yana ba da iri ba za ta bi gidaje tana roƙon iri ba, bakinta ba zai iya ba. Sai ta aika da hura da kara, ta bar ƙore su yi magana.

Suka fara komowa. Ta gida na uku ta zo da wake, tunda su sun bar irin. Ta gida na huɗu ta zo da gyaɗa da dogon ban haƙuri, sun cinye nasu a wata shekarar wahala. Matar nan mai dariya ta kawo tata da kanta, da zangarnu huɗu, ta ce mijinta ya ce ba ya rantsuwa ba su gauraya da wani ba, ta sake kallona ta sake tuntsirewa. Tsohuwar gabas ta aiko da tsaba ƙulle a bakin tsumma, ba ta fi cikin tafi biyu ba. Tsohon tunga ya yi kwana uku shiru, har na fid da rai, sai ga shi da sandarsa ya ƙetaro fadama da ƙafa, da zangarnu bakwai masu dogon wuya a cikin ƙwaryar. Ya ajiye a ƙofar ɗaki, suka gaisa da Inna, suka yi maganar zafi da ciwon gwiwa. Ba wanda ya ambaci hatsi, ba wanda ya ce na gode. Ni ina gefe ina ta kallon bakinsu ina jiran a faɗa, ba a faɗa ba har ya tafi.

Duka-duka da aka murje bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Ba zai shuka gandu ba. Inna, da aka cire mata auduga, ta ce a gamanarta, 'yar gonarta ta bayan gida, za a sa shi, a kusurwa guda, gandu kuma a yi da na kasuwa. Ta zuba shi a gora ta toshe, ta sa ƙarƙashin gadonta. Na lura ba ta nuna mini inda ta sa ba, a gaban idona dai ta yi, amma ba ta ce in duba ba. Konje ya ƙare na koma Dutsi.

Ruwan shuka ya sauka wata Juma'a. Yayana, da ya riga ya komo ya kuma sha labari, ya kira ni a salula yana tsokana, wai in zo ko in aiko da turmi. Asabar da sassafe na hau kabu-kabu. Shi yana gaba yana sara da sungumi, ni ina biye ina jefa tsaba ina rufewa da diddige. Na waiga na ga Inna tana bin sahuna, ramin da ban rufe da kyau ba ta gyara da ƙafarta, ba ta ce komai ba. Na so ta ce wani abu.

Daminar nan ban yi ta cikin hankalina ba. In hadari ya taso a Dutsi sai in kira in ji ko ya kai can. Da aka yi kwana goma sha ba ruwa na daina cin abincin kirki. Mijina ya ce tunda muka yi aure bai taɓa ganin na damu da shi yadda na damu da hatsin nan ba. Matar yayana, da ta komo da jaririnta, in na kira sai ta ce, "Lafiyarsa lau, ya fara ɗaukar ciki," kafin ma in tambayi ɗan nata.

Da kaka, kafin a koma lakwal, na je. Kusurwar ta yi kyau, amma ba bai ɗaya ba. Wasu zangarnun dogaye irin waɗanda na sauko da su, wasu gajeru, wasu da gashi-gashi da ban taɓa gani ba. Gwaggo ta rantse na ɗan'uwanta ne sak. Yayana ya ce rabi ne, iska ta gauraya shi a gonakin mutane. Na tambayi Inna, ta ce sai an shekara uku ana zaɓe kafin a sani. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba.

Da hantsi, kafin a sa wuƙa, Inna ta ɗauki tata za ta shiga zaɓe. Ta kai bakin danni ta tsaya, ba ta waigo ba, ta ce in ina so in taho. Na bi ta da tawa wuƙar. Na ce a raina yau zan nuna na koyi wani abu. Na hango wadda ta fi duka tsawo, na lanƙwaso ta, na yanke ƙit daga gindin kai.

Sai na ji duka a bayan hannuna, tas, har wuƙar ta faɗi.

"Ke wace irin sakarya ce? Tsawo aka ci? Taɓa ki ji, rabinta iska ce, ga baƙi a bakinta! Kuma da mi za ki rataye ta, kin yanke mata wuya? Kin cinye na bara, na bana ma kashe shi za ki yi? Shekara nawa kina karatu, a ce hatsin gidan ubanki ba ki san shi ba!"

Ta yi ta yi. Ta tono rijiya, ta tono awakin da na saki, ta tono hayaƙin da na turnuƙe ta da shi, ashe duk tana riƙe da su. Muryarta ta kai bayan danni, na ji Gwaggo tana cewa a hankali dai. Ni kuwa ina tsaye cikin karan hatsi, hannuna na zafi, hawaye na zuba, ina dariya.

"Dariya ma kike? Ɗauki wuƙarki, 'yar banza. Kawo hannun."

Ta kama yatsuna ta matsa su a jikin wata zangarniya, ta ce in ji yadda tsaba ta cushe har ba wurin sa farce. Ta sa na bi ta daga gindi har baki. Ta nuna mini inda ake yankewa, kamu ɗaya ƙasa da kai. Muka yi ta bi, ina zaɓa tana ƙi, ina zaɓa tana ƙi, a cikin biyar ta yarda da ɗaya. Madam kuwa ban sake jin ta a bakinta ba ranar.

Da muka gama muka shanya su, bayan kwana biyu ta kawo toka da ganyen bedi, ta miƙo mini kaba ta ce in ƙulla, sau biyu. Na kife turmin nan a ɗakin Baba na hau, na rataye damin inda na same shi. Inna na ƙasa ta ɗaga kai tana duba da sabon idonta.

"Ya karkace," ta ce. "Sauko da shi ki sake."

Na sauko da shi na sake.